Jami'a ko Koyi-da-Kanka: Wanne Ya Fi wa Mai Neman Ilimi?

A shekarar 2020 annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, suka haɗu suka rufe azuzuwa, yajin ya kai wata tara. A 2022 aka sake shiga wani, daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba. A tsakanin waɗannan shekaru ne wata tambaya da a da sai a zauren taron masana ake jin ta, ta sauko majalisun matasa. Tambayar ita ce: shin mai neman ilimi a yau yana bukatar jami'a da dukkan tsarinta na zangon karatu da lacca da jarrabawa, ko kuwa wayar da ke aljihunsa da himmar da ke zuciyarsa sun wadatar? Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan tambaya. Za mu auna ta ne daga wuri guda, wato Mararaban Rido, domin irin wannan tambaya ba ta amsuwa sai an san mai yin ta da halin da yake ciki.

Mararaban Rido tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, a bakin hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Kujama da Kachia ta nufi Zonkwa da Kafanchan. Ta bunƙasa ne a gefen matatar mai ta Kaduna wadda aka buɗe a 1980. Dattawan da suka ga lokacin da matatar da masaƙun Kakuri ke aiki gadan-gadan sun san darajar takarda, domin a gabansu takardar shaida ta raba wanda zai zauna ofis da wanda zai ɗauki kaya. 'Ya'yansu kuwa sun tashi ne bayan masaƙun sun durƙushe, matatar kuma ta shafe shekaru ba ta tace mai. Abin da suka buɗe ido suka gani shi ne mai digiri yana tuƙa keke-napep ko yana zaune a rumfar cirar kuɗi. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne makarantu ke ƙaruwa a kan wannan hanya. Ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 da reshenta na Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga kuma jami'ar tarayya da aka samar a Kachia a 2025. Kuɗin shiga kuwa ba wasa ba. A 2021 gwamnatin jiha ta ninka kuɗin jami'arta sau da dama, har mafi ƙarancinsa ya kai naira 150,000, kafin a rage shi zuwa naira 105,000 a 2023. Saboda haka idan matashi a wannan yanki ya tambaya ko jami'a ta cancanci shekarunsa huɗu da guminsa da na iyayensa, bai kamata a ɗauke shi malalaci ko mai raina ilimi ba. Lissafi yake yi, kuma lissafin nasa yana bisa hanya.

Adalci ne mu fara kawo hujjar masu goyon bayan koyi-da-kanka da dukkan ƙarfinta. Suna cewa karatu ba tare da zaman aji ba ya girmi kowace jami'a a ƙasar nan. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga wanda bai taɓa taka harabarta ba, kuma akawuna da malaman firamare da yawa a Nijeriya sun yi karatu ta hanyar wasiƙa da makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila. Ta wannan hanya Obafemi Awolowo ya sami digirinsa na farko a fannin kasuwanci a 1944, shekara huɗu kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan, shekara goma sha takwas kafin Jami'ar Ahmadu Bello. Idan muka dawo gida, ga fagenmu na adabin Hausa, hujjar tasu ta fi cizo. Aliyu Namangi makaho ne, bai zauna ajin boko ba, amma Imfiraji tasa ta shiga gidajen da littafin wani farfesa bai taɓa leƙawa ba. Mamman Shata bai yi jarrabawar kowa ba, sai ga Jami'ar Ahmadu Bello ta kira shi a 1988 ta naɗa masa digirin girmamawa. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? Ado Ahmad Gidan Dabino ma ta ajin manya ya bi, kafin In Da So Da Ƙauna ya karaɗe ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990. A yau kundayen digiri da aka rubuta a kan waɗannan mutane sun cika kantocin sassanmu. Ke nan, in ji masu wannan ra'ayi, jami'a tana bin bayan masu fasaha ne tana tsintar abin da suka yar, sannan ta ba kanta lambar yabo.

Suna ƙarawa da cewa tsarin jami'a kansa yana da illa. Yana ɗaukar mutum ɗari masu kaifin fahimta daban-daban ya yanka musu lokaci guda, mai sauri ya jira, mai nawa ya faɗi. Yana sa ɗalibi ya riƙa tambayar abin da zai fito a jarrabawa maimakon abin da yake gaskiya. Ivan Illich ya yi wannan suka tun 1971 a littafinsa kan raba al'umma da makaranta, inda ya nuna cewa makaranta na sa mutane su ɗauki zaman aji a matsayin koyo, su kuma ɗauki takardar shaida a matsayin iyawa. Wanda duk ya taɓa ganin ɗalibin da ya haddace takardun lacca daren jarrabawa, ya juye su da safe, ya manta su kafin la'asar, ba zai ce Illich ya yi ƙarya ba.

To amma mu sake duban waɗannan misalai da idon basira. Shin waɗannan mutane su kaɗai suka koya? Akawun da ke karatu ta wasiƙa yana iya sayen littattafai a kanti ba tare da ya biya wata makaranta a Ingila ba. Abin da yake biya shi ne ya aika da aikinsa ta gidan waya, bayan makonni ya dawo masa da jan biro a kai, an nuna masa inda ya kauce. Marubutan Kano sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama domin su jingina da juna. Shata kuwa, wanda aka san shi da cewa ba wanda ya koya masa waƙa, yana da alƙalin da ya fi kowane farfesa tsanani, wato taron jama'a. Waƙar da ba ta yi ba, nan take za a gani a fuskoki, a kuma gani a aljihu. Dukkansu ba su da jami'a, amma kowannensu yana da wanda zai ce masa bai yi daidai ba.

A nan ne ya dace mu daɗe kaɗan a makarantar zaure, domin ita ce tsarin karatu mai zurfi da ƙasar Hausa ta sani ƙarnoni kafin zuwan Turawa, kuma sau da yawa masu wannan muhawara, ɓangarorin biyu duka, sukan tsallake ta su tafi Turai neman misali. A zaure babu rajista, babu zango, babu ranar kammalawa. Ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa, shi ke zaɓen littafinsa. Wannan yana Ahalari, na kusa da shi yana Iziyya, wancan dattijo mai furfura yana Risala ko Muhtasar, kowa da inda ya tsaya jiya. Ɗan kasuwa ya zo bayan asuba ya ɗauki karatunsa ya wuce rumfa. Idan ɗalibi ya ga ya ƙure abin da ke wurin wannan malami a nahawu, sai ya ɗauki buzunsa ya nufi Zariya ko Katsina wurin wanda ya shahara a fannin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Duk wani 'yanci da masu koyi-da-kanka ke nema a yau, ɗalibin zaure ya same shi tuntuni. Abu guda ne kawai zaure bai taɓa yarda da shi ba, shi ne mutum ya karanta littafi shi kaɗai a ɗaki ya fito ya ce ya sani. Dole ya durƙusa gaban malam ya biya da bakinsa, malam yana saurare yana fassara, in ya karya wasali a tsayar da shi nan take. Dalilin a fili yake: rubutun Larabci marar wasali yana iya karantuwa ta fuska biyu ko uku, kuma mai karatu shi kaɗai ba shi da hanyar sanin ya ɗauki karkatacciya. Shi ya sa malamai ke cewa wanda littafi ne kaɗai malaminsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa. Ijazar da ake ba ɗalibi ma, in aka duba, shaida ce cewa wani ya saurare shi, shi ma wancan wani ya saurare shi, har a kai ga mawallafi.

Wannan ba a zaure kaɗai ya tsaya ba. A Kwoi da Kagoro da sauran garuruwan kudancin Kaduna, kakannin ɗalibanmu da yawa sun koyi karatu ne da Hausa a azuzuwan majami'u, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma a can ma mai koyo yana karantawa ne da ƙarfi a gaban wanda ya riga shi iyawa. Haka yaron da ke koyon walda ko ƙira a kasuwar Panteka ta Kaduna. Ba ya rubuta jarrabawa, amma maigidansa na tsaye a kansa, in ɗinkin ƙarfen bai kama ba a sa shi ya fasa ya sake.

Abin da muke son fitarwa shi ne, jigon koyo yana ga samun mai gyara. Mutum yana iya wanke fuskarsa da kansa, amma ba ya iya aske ƙeyarsa. Matsalar rashin sani ita ce ba ya jin zafi, wanda ya fahimci abu a karkace yana jin daɗin da wanda ya fahimce shi daidai yake ji, wani lokaci ma fiye. Hausawa da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wannan suke nufi. Haka kuma mai zaɓar wa kansa karatu yakan zaɓi abin da ransa ke so. Ɗalibin da ya shigo sashen Hausa don son littattafan soyayya, in an bar shi da kansa, ba zai taɓa buɗe littafin tsarin sauti ba, ba zai wahalar da kansa da karin sauti da tsawon wasali ba. Manhaja ce ke tilasta masa. Sai ya kai shekara ta uku, an zo nazarin ma'aunin waƙa, ya ga yadda masana irin su Farfesa M.K.M. Galadanci suka nuna dangantakar rubutacciyar waƙar Hausa da arulin Larabci, sannan ya gane cewa ba don wancan darasi mai gundura na gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba, da bai ji komai ba a nan. Wannan tilas ɗin alheri ne, ko da yake ba mai gode masa a lokacinsa.

Akwai kuma batun adalci, wanda a ganinmu ya fi kowanne nauyi. Tun daga 2012 manyan jami'o'in Amurka suka fara zuba darussansu a intanet kyauta, aka yi ta shelar cewa ƙarshen jami'a ya zo. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019, a kan darussan jami'o'in Harvard da MIT, ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum uku ne cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe. Kuma galibin masu bin irin waɗannan darussa mutane ne da suka riga suka sami digiri. Wato dai ƙofar da aka ce an buɗe wa marasa hali, masu hali ne suka fi shiga. Dalilin ba boyayye ba ne. Koyi-da-kanka yana bukatar wutar lantarki da kuɗin data da ɗaki mai shiru, yana kuma bukatar mutum ya riga ya iya koyo, wanda shi kansa abu ne da ake koya. A ɗauki yarinya a Mararaban Rido wadda ta gama sakandare. In tana gida da waya a hannu, ko darasin lissafi take kallo, a idon mutanen gida zaune take, ita za a aika kasuwa, ita za ta yi raino, kuma in manema suka zo ba abin da za a ce musu. In kuwa tana da lambar shiga jami'a, kalma biyu sun isa: tana makaranta. Wannan suna na ɗaliba garkuwa ce da al'umma ta yarda da ita, yana saya mata shekara huɗu da ba wanda zai taɓa. Masu yi wa jami'a kallon kantin sayar da bayani ba su lissafa da wannan.

Wani abu kuma da ya shafi Kaduna musamman. Tun bayan rikicin shekarar 2000 garin ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka, Kirista suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa. Yaro na iya tashi a Mararaban Rido, wani a Rigasa, su kai shekara ashirin ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Ajin jami'a na cikin 'yan wuraren da suka rage inda dole su zauna benci guda, a haɗa su aikin rukuni, ɗaya ya ari littafin ɗaya. Ba mu ce harabar makaranta aljanna ba ce, domin rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ya faro. Sai dai wayar hannu ba ta ma kai ga haɗa su ba, ita takan kawo wa mutum muryar masu irin ra'ayinsa ne, ta yi ta ƙara masa.

Da za mu tsaya a nan, da sai a ce malamin jami'a ya yabi rumfarsa. Amma hujjar da muka kafa takobi ce mai kaifi biyu. In har fifikon jami'a yana ga gyara, to jami'ar da ba ta gyara ba ta da fifiko. A yau a manyan makarantun ƙasar nan akwai ajin da ɗalibai ɗari biyar ko fiye ke cunkushe, na baya ba ya ko jin muryar malami. A irin wannan aji ba mai sauraren karatun kowa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne al'adar da ta zama jiki, ta rashin mayar wa ɗalibi takardar jarrabawarsa. Yakan ga harafi ne kawai a allon sanarwa ko a shafin makaranta, C ko D, ba tare da ya taɓa sanin wace jimla ce ta karkace ba, wace hujja ce ba ta tsaya ba. An yanke masa hukunci, ba a gyara masa ba. Akawun 1940 da ke jiran wasiƙa daga Ingila ya fi shi samun malami. Irin wannan ɗalibi, in an bi diddigi, koyi-da-kanka yake yi, sai dai yana biyan kuɗin makaranta, kuma an ɗaure shi da jadawalin da yajin aiki ke iya tsinkewa kowane lokaci. Ya rasa 'yancin zaure, bai sami kulawarsa ba.

Hanyoyin tsakiya da aka gwada ma a kan wannan ma'auni suke hawa ko su faɗi. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, sun ba ma'aikata da matan aure damar karatu daga gida. Amfaninsu ga ɗalibi yana rataye ne ga ko akwai mai duba aikinsa a cibiyar karatu. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka yaɗu tun daga ƙarshen 2022. Suna amsa tambaya dare da rana ba gajiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da kowa. Amma sukan kawo amsar da ba daidai ba da irin gadarar da suke kawo ta daidai, kuma wanda bai riga ya sani ba ba shi da abin rarrabewa.

Saboda haka in matashi ya zo mana da takardar shiga jami'a a hannu ɗaya, da damar koyon sana'a a ɗaya hannun, abin da za mu fara tambayarsa shi ne me yake son koya, domin fannoni ba ɗaya suke ba. Akwai ilimin da aikin kansa ke gyara mai yinsa. Wanda ke koyon rubuta manhajar kwamfuta, in ya yi kuskure manhajar ba za ta tashi ba. Makaniki in bai ɗaura daidai ba injin ba zai kama ba, tela kuma riga za ta tona shi. A irin waɗannan, mai himma da ya sami maigida nagari da abokan yi yana iya wuce mai digiri, kuma muna ganin haka. Akwai kuma ilimin da kuskure a cikinsa shiru yake yi, ba ya bayyana sai ya yi ɓarna: likitanci, shari'a, ginin gada, tarihi, fassarar nassin addini. Wanda ya koyi tarihin rikicin garinsu daga saƙonnin waya ba abin da zai faɗo masa a ka ya nuna masa an yi masa ƙarya, zai riƙe ta har ya koya wa 'ya'yansa. A waɗannan fannoni ba mu ga abin da zai maye gurbin zama gaban wanda ya sani ba.

Fagenmu na adabi ya raba ƙafa. Mai son rubuta waƙa ko labari ba ya bukatar izininmu, masu karatu za su gaya masa matsayinsa kamar yadda suka gaya wa na gabansa. Amma mai son nazarin adabi, ya san wa ya yi wace waƙa, a wane zamani, da wane karin, me ya ara daga wa, yana cikin rukuni na biyu. Sau nawa ake jingina baitin wani ga wani a Facebook, dubbai su yaɗa, ba wanda ya ɗaga gira? Irin wannan ɗalibi yana bukatar sashe. Sashen kuma yana da abin da zai iya yi ba tare da jiran kasafin gwamnati ba: a raba manyan azuzuwa zuwa ƙananan rukunoni ko da sau ɗaya a mako, ɗaliban digiri na biyu su zauna da na shekarar farko su saurari karatunsu, kuma kowane aikin gida da gwajin tsakiyar zango a mayar wa mai shi da gyara a rubuce kafin ranar jarrabawa.